Zanko da Matokari: Zamana da Masu Jirgin Lilo

Akwai wani irin jirgin sama wanda in mutum ya tarar da shi a ajiye, alhali bai taɓa ganin irinsa ba, zai yi tsammanin wani makaniki ne mai barkwanci ya ɗauki keken a-daidaita-sahu, ya kware masa rufi, sa'an nan ya kafa masa rumfa a ka. Ƙafafunsa uku ne, ɗaya a gaba biyu a baya. Kujerunsa biyu, amma goyo ake yi, watau na baya ya ware ƙafafu na gaba ya zauna tsakaninsu, kamar hawan babur. Inji da farfela suna bayan ƙeyar fasinja. A sama kuwa ga fiffike guda mai siffar kan mashi, wanda aka yi da bututun alminiyam da ƙyalle mai ƙarfi, faɗinsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan wajen mita 10. Ba shi da gilashi, ba shi da ƙofa, ko wutsiya ma ba shi da ita. Faransawa sun sa shi cikin rukunin jiragen da suke kira ULM, watau marasa nauyi masu inji, suka kuma raɗa masa suna daga yadda keken yake reto a ƙarƙashin fiffike. Mutanen Ingila su kuwa ƙafafun nan uku suka duba suka sa masa nasu sunan. Ni dai, tun da yake ban taɓa jin an kira shi da Hausa ba, jirgin lilo na sa masa, kuma da wannan suna za mu tafi cikin wannan 'yar maƙala. Haka nan sunayen sassansa, daga gini da jikin dabba na aro su. In malamai ko 'yan'uwana ɗalibai sun ga waɗanda suka fi dacewa, ƙofa a buɗe take.

Asalin wannan fiffike daga Amurka yake. Wani injiniya mai suna Faransis Rogalo, shi da matarsa, su ne suka ƙirƙiro shi, suka nemi takardar mallakar fasahar a 1948, aka ba su a 1951. Hukumar NASA ta yi ta gwada shi da niyyar ta riƙa saukar da kumbon Jemini a kan tudu maimakon cikin teku, amma a 1964 ta jingine maganar. To, tun kafin hukuma ta yar, masu wasa da rai sun riga sun tsinta. A 1963 wani mutumin Ostareliya, Jon Dikinson, ya ƙara wa fiffiken sanduna uku masu siffar alwatika waɗanda mai tashi zai riƙe, kuma har yau wannan alwatika ita ce linzami. Wajen ƙarshen shekarun 1970, a Faransa da Ingila, aka soma rataya masa keke da inji, aka huta da hawan dutse a yi tsalle. Kada ganin ƙyalle da bututu ya sa raini ya shiga. Da irin wannan jirgi Birayan Milton ya kewaye duniya a 1998 cikin kwana 120. Da shi Ricad Meredit-Hadi ya ƙetare ƙololuwar dutsen Ebarest a 2004. Da shi ne kuma, daga 2001 zuwa 2015, waɗansu masu kishin tsuntsaye suka riƙa jagorantar 'ya'yan wani farin gauraka da ya kusa ƙarewa, daga Wiskonsin zuwa Fulorida, don su koya musu hanyar ƙaura wadda babu iyayen da za su nuna musu.

Ni kuwa yadda aka yi na faɗa cikin wannan sha'ani, aikin nazarin harshe ne ya kai ni birnin Tur na ƙasar Faransa, na yi wata goma a can. Na kama hayar ɗaki a gidan wani dattijo wanda ya yi ritaya daga aikin gyaran jirgin ƙasa, mutum marar yawan magana, mai manyan hannuwa, wanda ba shi da wata hira sai ta ƙarfe. Maigida nake kiransa. Na fassara masa kalmar, ya ce ya karɓa. Ashe yana da takardar koyar da tuƙin jirgin lilo, kuma duk Asabar, muddin gari ya yi kyau, yakan tafi wani ɗan filin ciyawa a bayan gari inda ƙungiyarsu take da rumfar ajiye jirage. Da farko ɗan riƙe-mini-nan nake, ina tallafar ƙarshen fiffike, ina miƙa sifana. Sai da na yi Asabar huɗu ina wannan bauta sa'an nan ya miƙo mini hular kwano.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake tuƙa abin, domin duk maganar da za ta biyo baya a kan wannan ta rataya. Keken yana da dirka a bayan kujeru, wadda ta miƙe sama ta haɗu da ƙashin bayan fiffike a wuri ɗaya tak, da ƙusa guda mai kaurin ɗan yatsa. Masu jin Ingilishi suna yi wa ƙusar nan wani laƙabi na addini, wai don in ta karye babu sauran abin yi sai addu'a, shi ya sa ake kewaya mata wata igiya ta ko-ta-kwana. Alwatika kuwa a jikin fiffike take kafe, sandarta ta ƙasa tana daidai ƙirjin matuƙi. In ya tura sandar gaba, hancin fiffike ya ɗaga, gudu ya ragu. In ya jawo ta cikinsa, hanci ya sunkuya, gudu ya ƙaru. In yana son ya juya dama, hagu zai kai sandar, domin a haƙiƙa nauyin kansa da na keken yake kaiwa dama, fiffike kuma ya bi nauyi. Wanda ya saba da manyan jirage ya fi sabon ɗan koyo shan wahala a nan, don komi a juye yake gare shi.

Jirgin Maigida tsoho ne, injinsa Rotax 582 mai ƙarfin doki wajen 65, mai shan fetur gauraye da baƙin mai kamar ƙaramin janareta. Ranar farko da ya taka totur, ba mu yi gudun da ya wuce mita 100 a cikin ciyawa ba sai ya tura sanda, na ji keken ya yi lilo gaba ya shige ƙarƙashin fiffike, ƙasa ta sulale mana. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Abin da ya fi ɗaure mini ciki shi ne ganin takalmina a sarari, babu komi tsakaninsa da rufin gidajen mutane sai iska. Bayan kamar minti biyar sai Maigida ya saki sandar gaba ɗaya, ya ɗaga hannuwansa sama don in gani. Jirgi bai ko girgiza ba, ya ci gaba da tafiyarsa ta kilomita 90 a awa. Sa'an nan ya jawo sandar har cikinsa, muka sunkuya, iska ta soma kururuwa a kunnena, ya sake saki. Sai ga sandar nan ta koma mazauninta da kanta, hanci ya ɗago. Ya ce mini ta na'urar kunne, "Ka gani, ɗana? Fiffike mai lafiya ya san hanyar gida." Wannan komawa da sanda take yi da kanta, ina roƙon mai karatu ya riƙe ta, za mu sake haɗuwa da ita.

Fiffiken Maigida irin na da ne, mai zanko. Zanko wata sanda ce da take tsaye a kan gadon bayan fiffike, tsawonta wajen mita ɗaya, kamar zankon soro. Daga kanta wayoyin ƙarfe suke sauka zuwa hanci da baya da kafaɗu biyu. A ƙasa kuma waɗansu wayoyin sun tashi daga kusurwoyin alwatika zuwa kafaɗun nan. Dalilin wannan tarin wayoyi shi ne waya ba ta iya komi ba sai ja. In jirgi yana sama, iska tana ɗaga fikafikai, wayoyin ƙasa ne suke hana su naɗewa kamar laimar da guguwa ta juye. In yana ƙasa, ko kuwa iska ta doke shi daga sama, fikafikai suna neman faɗuwa, sai wayoyin zanko su riƙe. Nauyin kuwa ba na wasa ba ne. A da, an daɗe a Turai ana iyakance jirgi mai kujera biyu a kilo 450, ƙa'idar Ingila kuma ta ce lalle fiffike ya jure ninki 4 na nauyinsa in ana jan sa sama, ninki 2 in ana danna shi ƙasa. Watau kilo 1,800 ke nan, kuma kaso mai yawa na wannan nauyi ta cikin wayoyin da ba su kai kaurin fensir ba yake bi.

Sabon yayi kuwa shi ne matokari. Maimakon wayoyin gefe, sai aka sa bututu guda mai ƙarfi a kowane ɓangare, daga kusurwar alwatika zuwa kafaɗa. Shi bututu yana jure ja, yana kuma jure danni, kamar itacen da ake tokare katanga da shi. Saboda haka shi kaɗai ya ɗauke aikin wayar ƙasa da ta sama, zanko ya rasa abin yi, aka tumɓuke shi. QuikR na kamfanin P&M a Ingila da Profi TL na kamfanin Aeros a Yukiren suna cikin waɗanda suka yi suna da wannan tsari. Da cire zanko jirgi ya rage tsawo, ya zama yana shiga rumfar da a da sai an sauke masa fiffike. Waɗansu ma ana naɗe fikafikansu baya suna kan keke, kamar fara in ta sauka. Daɗin daɗawa ga gudu. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne siririyar waya mai zagaye tana tare iska daidai da matokarin da ya ninka ta kauri wajen sau goma, muddin an fasalta shi kamar kifi, gaba da kumburi baya da tsini. In an haɗa wannan da ƙaramin fiffike da injin Rotax 912 mai doki 80 ko 100, sai ka ga jirgin ƙyalle yana cin kilomita 150 a awa.

A ƙungiyar nan tamu jama'a kashi biyu ce, 'yan zanko da 'yan matokari. Da tsakar rana ba a cika tashi ba, domin ƙasa in ta ɗauki zafi sai ta riƙa tura huci sama, irin wanda shirwa take hawa tana kewayawa ba tare da ta kaɗa fiffike ba, shi kuwa ɗan jirgin nan ya yi ta wujijjiga. Saboda haka sai a zauna a inuwar rumfa a baje burodi da cuku, a buɗe musu. 'Yan matokari su ce mai zanko igiyar shanya yake yawo da ita a sama. 'Yan zanko su ce matokari nauyi ne da tsada, kuma waya ba ta ɓoye ciwonta: in zare ɗaya ya tsinke a cikinta, kana shafa ta da tsumma zai kama. Maigida ba ya shiga musun. Rannan dai da aka matsa masa sai ya sa aka kawo masa tsinken taliya ɗanye, ya ba ni ya ce in ja shi ta baki biyu. Na ja iya ƙarfina bai tsinke ba. Ya ce to in danna. Kafin in yi wani yunƙuri ya lanƙwashe ya karye. Ya ce haka matokari yake: wajen ja jarumi ne, wajen danni kuwa tsawonsa ne abokin gabansa, domin in ka ninka tsawon sanda sau biyu, nauyin da za ta jure kafin ta lanƙwashe ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in kuwa ta sami 'yar lotsawa a tsakiya, to, ta riga ta san inda za ta karye. Wannan ne ya sa a filin nan ba a tura jirgi ta tsakiyar matokari, ba a ɗaura masa igiya a nan, kuma fasinjan da ya dafa shi zai hau yakan sha tsawa.

Haɗa fiffike mai matokari da safe aiki ne na natsuwa, kuma kowane kamfani da jerin matakansa a littafinsa, ba a ara wa wannan tsarin wancan. Abin da na gani dai, akan tsai da alwatika, a ware fikafikai sannu-sannu mutum biyu suna tallafe da ƙarshensu, don in aka bar su suka rataya babu mai riƙo, ƙarfen hanci ne yake shan azaba. Sa'an nan a kawo matokarai. Na dama daban na hagu daban, kuma kumburin ne yake duban gaba. A nan ne ake gane halin mutum. Sau da yawa ramin matokari da na kafaɗa sukan ƙi haɗuwa da kamar kaurin farce, mai gaggawa sai ya nemi guduma. Maigida kuwa sai ya ce da ni, "Ɗaga kaɗan. Ƙara. Tsaya." Sai ka ji ƙusa ta shige da yatsa ɗaya. A ganinsa ƙusar da ta ƙi shiga magana take yi, ko dai fiffike bai zauna daidai ba, ko wani abu ya lanƙwashe tun jiya. Bayan ƙusa sai zobenta na hana zamewa, wanda bai fi zoben makulli ba, kuma shi ne abin da aka fi mantawa. Notin nan mai roba a ciki kuwa, in an kwance shi sau ɗaya, kwandon shara ya nufa. Daga nan a zura haƙarƙari, watau siraran sandunan da suke ba ƙyalle siffarsa, kowanne a aljihunsa, a ja azarar tsakiya baya har ƙyalle ya ɗame kamar fatar ganga, a maƙale ta.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne dalilin rubuta wannan maƙala. Na ce jirgin lilo ba shi da wutsiya. To, me yake ɗago masa hanci in ya sunkuya? Ƙarshen fikafikansa, waɗanda suka ja baya, kuma aka ɗan murɗa gefensu na baya sama, su ne suke yi masa aikin wutsiya. A fiffike mai zanko akwai waɗansu siraran tsarkiyoyi da suke saukowa daga kan zanko zuwa gefen ƙyalle na baya. A tafiya ta yau da kullum sako-sako suke, amma da zarar hanci ya yi ƙasa ƙwarai, iska ta soma danna ƙyalle daga sama, sai su ɗame su riƙe gefen nan a ɗage, hanci ya dawo. Kowa yana ganinsu daga nesa; in ɗaya ta tsinke ko ta harɗe, ko ni baƙo zan nuna. Da aka cire zanko sai tsarkiyoyi suka rasa marataya. Aka maye gurbinsu da waɗansu 'yan sanduna a cikin cikin fiffike, tsakanin ƙyallen sama da na ƙasa, waɗanda suke tokare gefen baya daga ciki. Sandunan ɓoye na sa musu. Ba a ganinsu sai an zuge zif an leƙa, kuma ko an leƙa ido ba ya iya faɗin ko karkatarsu daidai take, sai da ma'auni. Ga kuma jaraba: in aka sassauta su ƙasa kaɗan, sandar tuƙi takan yi sauƙi a hannu lokacin gudu, jirgi ya yi daɗin tuƙi. Masu gasar tashi da fiffike marar inji sun yi ta yin haka, har ta kai ga ana auna musu sandunan kafin a bar su su shiga gasa, saboda waɗanda suka wuntsila.

Akwai wani saurayi a ƙungiyar, mai shagon gyaran kwamfuta, wanda shi ne ya fara gayyata ta gidansa cin abinci, har ya bi gari ya nemo naman da aka yanka da bismilla saboda ni. Wannan aboki nawa ya sayi jirgi mai matokari na hannu daga can kudu, bai kuma daɗe da samun izinin ɗaukar fasinja ba, wanda a Faransa daban yake da takardar tuƙi. Ya ce ni ne zan zama fasinjansa na farko, za mu tashi zuwa babban taron masu ULM da ake yi a Buluwa a farkon watan Satumba. Na amsa a gaban jama'a, da murna. Sai ya shiga yabon jirginsa, ya ce ko a ƙarshen gudu da yatsa biyu yake riƙe sanda. Na ga Maigida ya ajiye kofinsa. Ya tambaye shi, in ya jawo sanda ya saki, tana komawa? Ya ce tana komawa mana, a hankali dai. Ya ce wa ya auna sandunan ɓoye? Ya ce wanda ya sayar masa ya tabbatar masa wani gwani ya daidaita komi.

A Ingila irin wannan jirgi sai mai duba ya bincike shi duk shekara kafin a sabunta masa izini. Faransa kuwa ta ɗora lafiyar ULM a wuyan mai shi. Shi ne zai shaida wa hukuma jirginsa lafiya lau, kuma Faransawa suna alfahari da wannan 'yanci ƙwarai. Saboda haka a mota muna komawa gida Maigida ya ce mini, "Ba ni da ikon hana shi, kai ma ba ni da ikon hana ka. Amma da jikana ne, ba zai zauna a kujerar nan ba sai an auna." Bai ƙara ko kalma ba har muka isa.

Na kwana biyu ina juya maganar. Alkawari kaya ne, kuma na ci abincin mutumin nan. In na ce sai an auna, kamar na ce masa ban amince da hankalinsa ba, ni da ban fi wata biyar da sanin akwai irin wannan jirgi a duniya ba. Ga shi kuma ya riga ya tashi da shi shi kaɗai sau da dama, ba abin da ya faru. Amma na riga na san abin da sandunan nan suke tsaro, abu ne da ba ya zuwa kullum. Ana iya shekara ana tashi cikin lumana ba a neme su ba. Ranar da wata muguwar iska ta kifar da hanci, in ba su riƙe ba, fiffike yakan ci gaba da sunkuyawa har ya wuntsila, keke ya bi shi, kuma ba a gina bututun nan don su jure wannan ba. Na tuna mahaifiyata, wadda ko labarin ina hawan wannan abu ban ba ta ba. Ranar Juma'a da yamma na tafi shagonsa, na jira har mutane suka watse, na ce masa, "Abokina, ina son tafiyar nan, kuma da kai nake son in yi ta. Amma ba zan hau ba sai an auna." Fuskarsa ta yi ja. Ya ce tsohon nan ya cika ni da tsoro. Can ya ce to, a auna gobe, don a kunyata mai baƙin baki.

Aka daidaita ƙashin bayan fiffike yadda littafin kamfani ya ce, aka zuge zif, Maigida ya ɗora ma'aunin karkata a kan sandunan ɗaya bayan ɗaya, abokina da kansa yana karanta lamba yana gwadawa da littafi. Dukansu sun yi ƙasa da abin da aka rubuta, na hagu ma sun fi na dama sauka. Ɗigon fentin da kamfani ya sa a kan noti don a gane in an taɓa shi ya fashe, ga sawun sifana. Wanda ya yi aikin ya kuma murɗa ƙarshen fiffike ɗaya don jirgi ya daina ja gefe, watau ya rufe ɓarna da ɓarna, shi ya sa yake tafiya sambal. Babu wanda ya yi magana. Abokina ya zuge zif, ya tura jirginsa rumfa, ya shiga motarsa. Buluwa dai a mota muka je ni da Maigida, kuma mako uku saurayin nan bai zo fili ba.

Cikin watan Oktoba sai ga wayarsa. Ya ce dillalin kamfani ya mai da komi yadda yake, wani matuƙinsu ya gwada jirgin shi kaɗai, in ina so in zo Asabar da asuba. Muka tashi rana tana fitowa, hazo yana kwance cikin kwari kamar an baza auduga. Sanyi kuwa ba a magana, domin duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6.5, ga iskar gudu a kai. Muka kama Kogin Luwar muka yi gabas. Nan da nan na ji bambanci. Jirgin Maigida tafiyar raƙumi yake yi, da rangaji, wayoyinsa suna 'yar kuwwa; wannan kuwa ingarman doki ne, komi a ɗame, in ya taka gargadar iska sai ka ji ta a ƙugunka kai tsaye. In na duba gefe, maimakon zare sai in ga ƙarfe mai kaurin damtse, kuma ba zan musa ba, zuciyar fasinja ta fi kwanciya da ganinsa, ko da yake na riga na san ba a nan maganar take ba. Muka wuce Ambuwaz, inda Liyonado da Binci, mai zanen na'urorin tashi, ya rasu a 1519. Muka wuce Buluwa da gadarta. Can sai ga fadar Shambor a tsakiyar dajinta, wanda aka kewaye da katanga mai tsawon kilomita 32, ta tuna mini da badala. Gaba kaɗan tururin tashar nukiliya ta San Loran ya miƙe sama sak, alamar babu iska. Ba a yarda jirgi ya kusance ta ba, saboda haka muka juyo tun daga nesa.

A hanyar dawowa ya ce in riƙe da kyau. Ya jawo sandar har cikinsa, na ga gwiwar hannunsa tana rawa don nauyi, ya saki. Ta fizge ta koma mazauninta, hanci ya ɗago har sai da cikina ya faɗa. Ya yi tsaki ya ce sun mai da masa jirgi tarakta, amma na ji dariya a muryarsa. Ni dai in an tambaye ni, wanda zai yi doguwar tafiya ko wanda rumfarsa gajeriya ce, matokari ya fi masa, kuma ina ganin nan gaba shi zai rinjaya. Ɗan koyo kuwa, da mai sayen na hannu wanda ba shi da dattijo a kusa, zanko zan zaɓa musu, don abin da yake riƙe da ransu yana waje inda ido zai kai.

Wajen ƙarfe goma huci ya fara tashi, muka sha 'yar jijjiga a kan gonakin inabi kafin mu hango fili. Ya rage totur, ya jawo sanda don ya tara gudu, ciyawa ta taso mana, ya tura sannu-sannu har ƙafafun baya suka taɓa. Maigida yana bakin rumfa da kofinsa. Abokina ya kashe inji, ya sauka, ya zuge zif ɗin hagu, ya kira shi ya zo ya leƙa.